Zuciyata Ta Ce Shi Ne Ya Ƙwace Mini Waya, Amma Ina Tsoron Nuna Shi

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ina neman shawararki a kan wani abu da ya hana ni barci. Ni ɗaliba ce a Kano. Kwanakin baya ina dawowa daga makaranta dab da magariba, ina cikin adaidaita sahu, mun tsaya a cunkoso, sai wani saurayi ya zuro hannu ya nuna mini wuƙa, ya ce in ba shi waya. Na miƙa masa, ya ruga. Da na isa gida Umma ta tambaye ni kamanninsa, na ce baƙi ne, siriri, da ɗan gemu, ya sa hula hana-sallah. Ban iya ƙara komai a kan haka ba. Bayan 'yan makonni Yayana ya turo mini hoton wani yaro da ke zama a shagon cajin waya na bakin layinmu, ya ce mutanen unguwa suna zarginsa, in duba ko shi ne. Ina ganin hoton gabana ya faɗi, na ji lallai na san fuskar nan. Na ce masa kamar shi ne. Ya ce dama ya sani. Tun daga ranar, duk sanda na tuna abin, fuskar yaron nake gani ƙarara, har mafarkinsa nake yi. Yanzu Yaya da abokansa suna so in je gaban 'yan sintiri in tabbatar, a kama shi. Zuciyata ta ce shi ne, amma na tuna a ranar da abin ya faru ban iya kwatanta shi ba. Anti, in ba shi ba ne, me ya sa na ji na san shi? In kuma shi ne na yi shiru, ashe ban cuci wadda zai tare gobe ba?

Ƙanwarki daga Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar miki da mafi alheri. Mun gode Allah da abin ya tsaya a kan waya, domin akwai gidaje a Kano da ƙwacen waya ya bari da zaman makoki. Kin yi daidai da kika miƙa ba gardama.

Shawarata ita ce kada ki je gaban kowa ki ce shi ne. Ba wanke yaron nake yi ba. Abin da nake cewa, abin da kike riƙe da shi a yanzu bai kai shaida ba, kuma ina so in nuna miki dalili dalla-dalla, don ki samu abin da za ki tsaya a kai idan Yaya ya matsa.

Faɗuwar gaban da kika ji gaskiya ce, ba ƙirƙirar ta kika yi ba. Amma ki tambayi kanki, me ta gaya miki? Cewa ta yi kin taɓa ganin wannan fuska, ko kuma irinta. Ba ta ce a bakin adaidaita sahu kika gan ta da wuƙa a hannu ba. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Jin cewa ka san mutum daban, tuna inda ka san shi daban. Na farkon yana zuwa nan take, kafin ma ka yi tunani. Na biyun sai an yi lalube, wani lokaci ma a lalubo babu. Wani masani mai suna George Mandler ya kawo misali a 1980 wanda har yau ake amfani da shi: ka shiga bas, ka ga wani mutum, ka tabbata ka san shi amma ka rasa daga ina, sai can ka gane ashe mahaucin da kake sayen nama a wurinsa ne, ya ɓace maka don babu teburin nama a gabansa. Kowa ya taɓa shiga irin wannan a gidan biki ko ta'aziyya. A gaisa da fara'a, a tambayi yara, a rabu kana ta tunanin ina ka san matar nan. A gidan biki ba wanda abin ya cutar. Haɗarin yana zuwa ne idan ƙwaƙwalwa ta ji sanin, ta rasa asalinsa, sai wani ya miƙo mata asali a shirye. Ke kuwa an miƙo miki: ga wanda ake zargi.

Da bakinki kika ce yaron a bakin layinku yake zama. Ke nan sau nawa kika wuce ta gabansa, za ki makaranta ko za ki sayo wani abu, ba tare da kin ɗaga ido kin lura da shi ba? Ido yana ɗauka ko mai idon bai sa hankali ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa gabanki ya faɗi da ganin hotonsa. A Ostareliya, cikin shekarun 1970, an kama wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Donald Thomson, bayan wata mata da aka yi wa fyaɗe a gidanta ta kwatanta shi ta kuma nuna shi. Abin da ya cece shi, a daidai lokacin da ake aikata laifin yana cikin wani shirin talabijin da ake watsawa kai tsaye, kuma ikon Allah, batun da yake bayani a kai shi ne yadda mutane ke tuna fuska. Ashe shirin matar take kallo lokacin da aka afka mata. Ta ga fuskarsa da gaske, a daidai wannan lokacin kuwa, amma ƙwaƙwalwarta ta ɗauko fuskar daga akwatin talabijin ta ɗora wa wanda ya cuce ta. Baiwar Allah ba ƙarya ta shirya ba.

To mu ƙaddara ma ba ki taɓa ganin yaron nan ba ko sau ɗaya. Duk da haka kina iya jin kin san shi, kuma nan ne nake so ki fi sa hankali. Ki sake karanta kwatancen da kika yi wa Umma: baƙi, siriri, ɗan gemu, hana-sallah. Ki tsaya a bakin kowace kasuwa a Kano na minti goma, samari nawa ne za su wuce da wannan kama? Babu tabo, babu wushirya, babu wani abu a ido ko hanci da ya fita daban. A zamanin kakanninmu tsagar gado takan taimaka, a ce mai bille ne ko mai kalangu, amma samarin yanzu kaɗan ne ke da ita.

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye fuska yadda waya ke ajiye hoto. Wani bincike da aka yi a Jami'ar York da ke Ingila a 2018 ya kiyasta cewa mutum yakan san fuskoki kimanin 5,000, ban da dubban da ya gani a hanya ya wuce. Daga wannan tarin ne ƙwaƙwalwa ke fitar da wani ma'auni na yadda fuska ta saba kasancewa, sai ta riƙa gane kowane mutum da inda ya kauce wa ma'aunin: wannan goshinsa ya fi faɗi, waccan idanunta sun fi kusa da juna. Masanin Birtaniya Tim Valentine ya yi bayanin haka a 1991. Fuskar da ta kauce sosai tana zaune ita kaɗai, da wuya a rikita ta da wata. Fuskar da ke kusa da ma'aunin kuwa tana cikin cunkoso, kewaye da ɗaruruwan masu kama da ita. Idan kika ga irin wannan gama-garin fuska, sai ta ɗan taɓo wannan ta ɗan taɓo waccan cikin waɗanda kika sani, duka su haɗu su ba ki jin sani ba tare da suna ko wuri ba. Tun a 1979 Leah Light da abokan aikinta suka nuna cewa mutane sun fi yin kuskuren cewa sun taɓa ganin fuska idan gama-gari ce, fiye da idan tana da wata alama ta daban.

Akwai wani gwaji da ya fi wannan ban mamaki. A 1981 Robert Solso da Judith McCarthy suka haɗa zanen fuska guda, suka ɓoye shi. Daga jikinsa suka fitar da wasu zane-zane, wannan ya ɗauki idanu da hanci, wancan ya ɗauki baki da gashi, kowanne da nasa sauyi. Waɗannan aka nuna wa mutane. Daga baya aka kawo tarin fuskoki, har da ta asalin da ba wanda ya taɓa gani, aka ce kowa ya faɗi waɗanda ya gani a baya. Mutane suka fi amincewa cewa sun ga ta asalin fiye da waɗanda aka nuna musu da gaske. Wato fuskar da ba su taɓa gani ba ita suka fi rantsewa a kanta, don kawai ta tattara abin da ya yawaita a sauran.

Kin ambaci mafarki, kuma na san akwai masu ce miki ishara ce. A 2009 wani zanen fuska ya zagaye intanet: namiji mai kaurin gira, sanƙo ya fara cin goshinsa, da tambaya a jiki ko ka taɓa mafarkin mutumin nan. Aka baza labari cewa dubban mutane a ƙasashe daban-daban suna ganinsa a barci, jama'a kuma suka yi ta cewa su ma sun gan shi. Daga baya ta bayyana cewa wani ɗan Italiya mai sana'ar tallace-tallace, Andrea Natella, shi ya shirya abin. Fuskar ta yi kama da ta kowa, shi ya sa kowa ya ji ya san ta. Ke ma ki lura, mafarkinki bayan zuwan hoton ya fara. Kuma ko a wurin malamai ba a gina hukunci a kan mutum da mafarki.

Yanzu mu koma bakin adaidaita sahun. Dab da magariba ne, haske ya ragu. Hular ta rufe goshi da gashi, su kuwa suna cikin manyan abubuwan da ake gane baƙuwar fuska da su. Abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Ga wuƙa. Elizabeth Loftus da abokan aikinta sun auna motsin idon mutane a 1987, suka ga idan akwai makami a hannun mutum ido yakan fi tsayawa a kan makamin, gane fuskar daga baya kuma ya ragu. Na tabbata da zan ce ki kwatanta mini wuƙar, za ki fi ba ni bayani a kan yadda kika ba Umma game da fuskar. Ba gazawarki ba ce, haka aka halicci mai neman tsira da ransa.

To in ba ki ga fuskar sosai a ranar ba, daga ina wannan da kike gani ƙarara yanzu ta fito? Tuna abu kamar rini ne a marina: duk sanda aka tsoma zane aka fito da shi, ya ɗauki launin abin da ke cikin ramin, kuma ba ya komawa yadda yake. Kin tsoma abin da ya faru cikin hoton da Yaya ya turo, kin sake tsomawa da dare, kin sake da safe. Inda fuska ta kasance dishi-dishi, hoton ya cike gurbin. Sannan ga maganar Yaya, "dama na sani." Kada ki raina wannan kalma. A 1998 Gary Wells da Amy Bradfield sun nuna wa mutane bidiyon wani mai laifi, sannan suka ba su hotuna su zaɓa, alhali mai laifin ba ya ciki, don haka duk wanda ya zaɓa kuskure ya yi. Wasu aka ce musu madalla, kun nuna wanda ake zargi. Waɗannan, da aka tambaye su daga baya, sun fi sauran cewa suna da tabbaci, sun fi cewa sun ga fuskar da kyau, har sun fi cewa sun mai da hankali lokacin kallon. Yabo na jimla ɗaya ya sauya musu yadda suke tuna abin da ya riga ya wuce. Ke kin fara da "kamar shi ne", yau kina kan "zuciyata ta ce shi ne", kuma tsakanin biyun ba wani sabon abu da kika gani game da ranar.

Bari in ba ki labarin wata ɗaliba kamarki. A 1984, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, wani ya shiga ɗakin Jennifer Thompson da dare da wuƙa ya yi mata fyaɗe. Shekararta 22. Cikin wannan bala'i ta ƙudurta a ranta cewa in ta rayu sai ta gane shi, don haka ta yi ta nazarin fuskarsa da gangan. Ta taimaka wa 'yan sanda suka zana kamanninsa. Aka kawo mata hotuna, ta ɗauki lokaci tana dubawa, ta zaɓi na wani saurayi mai suna Ronald Cotton. Aka jera mata mutane a zahiri, ta sake nuna shi, aka ce mata shi ne dai wanda ta zaɓa a hoto. Kafin a kai kotu ba sauran shakka a zuciyarta. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1985. Da aka sake shari'ar a 1987, aka kawo mata wani fursuna mai suna Bobby Poole wanda ake cewa shi ne ainihin mai laifin, ta dube shi ta ce ba ta taɓa ganinsa ba a rayuwarta. A 1995 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya tabbatar da cewa Poole ne. Cotton ya fito bayan ya shafe fiye da shekara 10 a kurkuku kan laifin da bai aikata ba. Daga baya ta nemi gafararsa ya yafe mata, amma shekarun ba su dawo ba.

Abin da ke taɓa ni a labarin nan, wannan mata ta samu lokacin kallo fiye da naki nesa ba kusa ba, ta kuma kalla da niyya. Duk da haka fuskar da ke cikin hoto ta ture fuskar gaskiya, har ta ga mai laifin ido da ido ba ta gane shi ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ƙungiyar Innocence Project ta Amurka ta lissafa mutum 375 da gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su, tsakanin 1989 da 2020, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nasu kuskuren mai shaidar gani da ido na cikin abin da ya kai su kurkuku. Mukan ce gani ya kori ji, kuma haka ne ga wanda ka sani. Da ƙanenki ne ko maƙwabcinku da kuke gaisawa kullum ya tare ki, ko a duhu za ki gane shi, tun a daren kuma za ki kama sunansa. Ga baƙon da aka gani cikin firgici kuwa, karin maganar da ta dace ita ce kama da wane ba wane ba ne.

Tambayarki ta biyu ta nuna kina da tausayi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Amma ki juya ta. Idan kika nuna wanda ba shi ba, mai wuƙar yana nan yana yawo, kuma yanzu ba mai nemansa, tunda unguwa ta gamsu an kama ɓarawo. Wadda kike tsoron a tare gobe ba ta tsira ba, an dai ƙara mutum ɗaya cikin waɗanda aka zalunta. Kin kuma san abin da kan biyo baya idan aka nuna saurayi da yatsa a gaban taro. 'Yan sintiri da yawa suna aikin kirki, suna hana idonsu barci don unguwa ta yi barci, amma da zarar an yi ihun ɓarawo ba mai iko da hannun jama'a. Ko bai rasa ransa ba, sunan ya bi shi ke nan, har ranar da zai je neman aure. Allah ya gargaɗe mu a Suratul Hujurat cewa wani sashe na zato zunubi ne, Manzon Allah (SAW) kuma ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman manyan zunubai. Na san ba ki da niyyar ƙarya. Amma yanzu da kika san tabbacin naki bayan hoto ya zo, cewa "na tabbata" zai zama faɗin abin da ba ki da shi.

Ga abin da za ki yi. Ki zauna da Umma ku tuna abin da kika faɗa mata a daren, ki rubuta shi yadda yake, kada ki ƙara ko kalma ɗaya daga abin da kika gani a hoto. Wannan ita ce shaidarki, ita ce mafi tsabta da za ki taɓa samu. Sannan ki samu Yaya shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba, don namiji ba ya son a janye masa magana a gaban mutane. Kishinki ne ya sa shi wannan, ki fara da gode masa. Ki ce, "Yaya, na ce maka kamar shi ne, amma na yi tunani. Ban ga fuskar mutumin sosai ba, yaron nan kuma a layinmu yake, ina jin can na san shi. Ba zan iya rantsuwa a kansa ba, kuma ba na so a taɓa shi da sunana." In kin ga ba zai saurare ki ba, ki sa Umma ko Baba ko wani kawu da yake jin nauyinsa a maganar. Ki roƙe shi kuma ya daina tura hoton a WhatsApp, domin duk wanda aka taɓa yi wa ƙwace a yankin, in ya ga hoton tare da kalmar zargi, abin da ya same ki zai same shi, sai a wayi gari da shaidu biyar waɗanda duka daga hoto ɗaya suka samo shaidarsu.

Ki kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da wani babba na gida. Ki tafi da kwalin wayar da rasit in suna nan, domin a jikin kwalin akwai lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ake bin sawun waya da ita. In ba ki riga kin yi ba, ki sa a rufe layin, ki kuma sanar da bankinki idan asusunki na haɗe da shi. Idan mutanen unguwa suna da wani dalili na zargin yaron, su kai wa mai unguwa da 'yan sanda, dalilin ya tsaya da ƙafarsa: an ga wayar a hannunsa, ko wani da ya san shi ya gan shi a wurin a ranar. Idan 'yan sanda suka ce za su jera miki mutane ki nuna, ki gaya musu tun farko cewa an riga an nuna miki hotonsa kuma a layinku yake zama, domin in kika nuna shi a jerin, mai yiwuwa hoton kika gane. Kina da damar cewa ba ki da tabbaci, kuma wannan cikakkiyar amsa ce.

Sai batun barcinki. Wanda aka nuna wa wuƙa yakan daɗe yana firgita, wani ma ya riƙa ganin mai kama da maharin a kowace kwana. Ki goge hoton daga duk wayar da kike amfani da ita, ki daina komawa kansa. Ki riƙe azkar ɗin kwanciya, ki riƙa faɗa wa Umma ko wata aminiya abin da ke ranki, kada ki bar shi a ciki. Idan aka ƙara wasu makonni barci bai dawo ba, ko kika ga kin fara ƙin fita ko tsoron shiga adaidaita sahu har yana taɓa karatunki, ki je asibiti ki yi wa likita bayani, akwai taimakon da ake bayarwa a kan irin wannan firgici.